Lofen Gora a Gidan Duan

Likitocin birnin Kunming sun yanke hanjin Duan Yalin karo na biyu a tsakiyar damina, ana cikin tsinkar ganyen taba. Ubansa, Duan Futai, bai je ba sai da ya fitar da ganyen da ke cikin ɗakin gashi, inda ake gasa taba ta bushe. Wanda ya kunna wa taba wuta ba ya tafiya ya bar ta, ko da ɗansa ne a kwance. Da ya gama sai ya wanke ƙafafunsa, ya sa shuɗiyar rigarsa ta zuwa biki, ya hau motar safe.

A cinyarsa akwai kwalin sigari mai tsada, irin wanda bai taɓa saya don bakinsa ba. Na likita ne. Mutum ba ya zuwa godiya hannu rabbana.

Ya tarar da Yalin a gadon bakin taga, roba a hanci, wuya duk ya zube. Bai cika arba'in ba, amma ka ce ƙanin tsohon ne. Matarsa Shulan tana zaune a gefe tana yi masa fifita. Futai bai nufi gadon kai tsaye ba. Akwai maza a ɗakin, 'yan jinya, kuma ba a shiga cikin maza a wuce su haka nan. Ya zaro fakitin aljihunsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa karan sigari da hannu biyu.

"Baba!" Shulan ta ja hannun rigarsa. "Nan fa asibiti ne."

"Na ce su kunna ne? Su maƙale a kunne."

Suka maƙale kuwa. Sannan ya zo ya tsaya a kan ɗansa.

"Ka ci abinci?"

"Sun hana, Baba. Ganyen ya fito?"

"Ya fito."

"Launi fa?"

"Ba laifi."

Yalin ya lumshe ido. Ya san in tsohon ya ce ba laifi, to babu irinsa a ƙauyen.

Likitar da ta yi aikin mace ce, Likita Ruan, ba ta ma kai Shulan shekaru ba. Futai ya tare ta a baranda, ya sunkuyar da kai, ya miƙa kwalin. Ta dubi kwalin, ta dube shi.

"Baba tsoho, mece ce sana'arku?"

"Taba. Tun kakana."

"To zauna. Da kai nake son magana."

Suka zauna a benci. Ta cire abin sauraren ƙirji daga wuyanta, ta lanƙwasa robar, ta matse tsakiya da yatsu.

"Ka ga nan? Ɗauka hanjinsa ne. Nan ya toshe, ya huje. Mun yanke wurin, mun haɗa baki da baki. Amma wannan ciwo wuƙa ba ta kashe shi. Yakan dawo ya zauna daidai bakin ɗinkin. Wasu yakan ƙyale su shekaru masu yawa. Wasu ba sa daɗewa sun dawo mana."

"Su wa ke dawowa?"

"Wanda ya kama tun yana saurayi, kamar ɗanka. Wanda nasa ke huda hanji, kamar ɗanka. Wanda kuma aka taɓa yanka ya fi kusa da a sake yanka shi. Waɗannan sun riga sun faru. Ba ni da yadda zan yi da su, kai ma haka. Abu ɗaya ya rage a hannunku."

Ta ɗora yatsa a kan kwalin.

Futai ya gyara zama. "Ubana ya sha taba har ya haura tamanin. Da haƙoransa aka binne shi."

"Mahaifinka ba shi da wannan ciwon."

"Mu lofen gora mai ruwa a ciki muka fi sha. Ruwa yana wanke hayaƙin."

"Sanyaya shi kawai yake yi. Hanji bai san bambanci ba." Ta mayar da robar wuyanta. "Abin da ya rage masa ba shi da yawa, Baba tsoho. In na sake buɗe cikin nan, ban yi maka alkawarin zan rufe shi yadda na same shi ba. Wataƙila leda za mu maƙala masa a gefen ciki, bayan gida ya riƙa zuba a ciki. Wataƙila ma abinci ya daina riƙe shi. Zai riƙa zuwa karɓar allura, ita ma kada ya yi wasa da ita. Amma taba, ko kara ɗaya."

"Kara ɗaya me zai yi?"

"Na ga masu kara ɗaya da yawa. Kafin kaka sun koma fakiti."

Ta miƙe, ta tura masa kwalin. "Na gode. Ka mayar wa mai shago."

Ba a taɓa mayar wa Futai kyauta ba. Ya koma gida da kwalin a cinya kamar yadda ya zo da shi. Sunan ciwon ma bai riƙe ba, wani suna ne na Bature. Abin da ya riƙe shi ne yarinyar ba ta kau da ido ba lokacin da take magana.

Gidan Duan taba suka sani. Ɗakin gashin da ke bayan gidan uban Futai ne ya gina shi da laka, dogo, siriri, da taga ɗaya da ba ta fi tafin hannu ba. A da irinsa jere suke a bakin ƙauyen Lanba, kowanne da hayaƙinsa. Mata suna zaune a inuwa suna ɗaure ganye a sandunan gora, hannuwa sun yi baƙi da danƙo, suna gulmar mazansu da ƙarfi don mazan su ji. Maza kuma suna tsugune a bakin murhu. Dankali da masara suna cikin toka. Lofe ɗaya ne yake zagayawa, gora mai kaurin damtse da ruwa a gindinta, in an ja sai ta yi gurnani kamar kwaɗi bayan ruwan sama. Daga nesa kana jin wannan gurnanin ka san akwai mutane a gida.

Ba a sayar da saniya, ba a neman aure, sai lofe ya zagaya. In mutum biyu sun yi faɗa a kan iyakar gona, ba wanda zai ce yi haƙuri. Ɗaya zai cika lofe, ya goge bakin da tafin hannu, ya miƙa. In ɗayan ya karɓa, magana ta mutu. Wanda aka tsallake kuwa an ci masa mutunci ke nan, kuma zai riƙe har ya tsufa.

Yanzu ɗakunan sun rushe. An gina na siminti a bakin titi, da na'ura mai maɓalli, yaro ma zai iya danna ta. Samarin sun tafi birni. Na Futai kaɗai ya rage a tsaye, don ya ce na'ura ba ta da hanci.

Cikin Yalin ya fara murɗawa yana ɗan ashirin. Gudawa, zazzaɓi, rama. Aka ce sanyi ne ya shiga cikinsa. Uwarsa, tana da rai a lokacin, ta dafa masa saiwoyi har tukunyar ta yi baƙi. Maza suka ce ya ja lofe, yana ɗumama ciki. Ya ja, ya ce ya ji sauƙi. Haka aka yi ta yi har aka yi masa aikin farko, bayan aurensa da Shulan. Likitan wancan lokacin ma ya ce ya bar taba, kuma ya bari, har zuwa lokacin kai ganye wurin saye. A can mai tantance ganye ya zaro kara ya miƙa masa, ya kyasta ashana ya riƙe. Mutumin da wahalar shekararka take tsakanin yatsunsa ba a barin ashanarsa ta ƙone a banza. Yalin ya sunkuya ya kunna. Kafin sanyi ya shigo ya koma yadda yake.

Wannan karon da aka sallamo shi, Shulan ta tattara fakitoci da ashana da lofen mijinta ta kai gidan iyayenta. Ta dafa kunun shinkafa, ba barkono, ba mai. Naman kaza, irin mai tsirowa daga ƙasa, ya fito a daji, ƙauye duk ƙanshinsa, Yalin bai ɗanɗana ba. Cinyar aladen da ke rataye a madafa ma kallo kawai yake yi.

Abincin bai dame shi kamar hannuwansa ba. Bai san inda zai sa su ba. Yakan zauna a tsakar gida yana murza tsinke, ya karya, ya ɗauki wani. Ya yi wa Shulan tsawa a kan murfin tukunya. Ya harbi kare. Futai yana gani. Wata safiya dai ya ɗauki lofensa da kujerarsa 'yar tsuguno ya koma bayan katanga, gefen ɗakin gashi.

"Baba, me ya kai ka can?" Shulan ta tambaya.

"Tsakar gidan nan iska ta yi yawa."

Ba iska a tsakar gidan. Ba ta sake tambaya ba.

A ƙofar shagon ƙauye maza ke taruwa da yamma. Ran da Yalin ya fara fita, Tsoho Pu yana can. Pu abokin Futai ne tun suna kiwon baunar noma, gajere, mai tari, bakinsa ba ya hutawa. Ya cika lofe, ya goge baki, ya miƙa wa Yalin. Yalin ya haɗa hannu biyu ya sunkuya.

"Kawu Pu, a yi mini afuwa. Likita ta hana."

"Likita! Duan, ɗan nan naka ya shiga zuhudu ne ba ka gaya mana ba? Ba taba, ba giya, ba barkono. Saura a aske masa kai a ba shi ƙararrawa." Ya hango Shulan tana fitowa daga shagon da gishiri. "Ke 'yar nan, ke ma likitar ta hana shi, ko an bar masa ke?"

Aka fashe da dariya.

"Kawu Pu," in ji Shulan, "kai da tarinka ke tashin zakaru, kai ne za ka koya wa wani lafiya? Jiya na ɗauka injin ban ruwa aka tayar, ashe kai ne."

Aka sake dariya, har da Pu, har tarin ya sarƙe shi. Lofe ya wuce Yalin ya ci gaba da zagayawa. Futai bai yi dariya ba. Ya ga ɗansa zaune a cikin maza da kwalbar shayi a hannu, kamar baƙon da ke jiran mota. Ana magana, amma ba a juyowa wajensa. Ba da mugunta ba ne. Magana tana bin lofe ne, inda ya tsaya nan take tsayawa.

A hanyar gida Pu ya jera da Futai.

"Wasa nake yi, ka sani."

"Na sani."

"Amma tsakani da ni da kai, Duan. Mai gasa taba da bai san ɗanɗanon ganyensa ba, yaya zai yi? In ka mutu wa zai riƙe ɗakin nan?"

"Ban mutu ba tukuna."

"Idonka ya mutu. Jiya ka gaishe da turken wuta."

Futai ya yi tsaki ya shige gida.

Da lokacin saye ya zo, Yalin ne ya kai ganye. Ya dawo da yamma da kara a kowane kunne, da wani a aljihun gaba. Shulan ta tare shi a ƙofa ta cire su ɗaya ɗaya kamar mai cire wa yaro ƙaya, sannan ta sa hanci a bakinsa ta shinshina.

"Ban kunna ba," ya ce. "Na ce wa mai tantance ganye maƙogwarona ke ciwo."

"Ya yarda?"

"Ya dube ni dai."

An saukar musu da daraja a ɗauri biyu da Futai ya san na sama ne. Ya ji, ya haɗiye. Washegari ya je ya yi ta saran itace har rana ta take.

Sanyi ya wuce. Yalin yana hawa mota zuwa Kunming karɓar allura, yana dawowa. Kumatunsa suka fara cikowa. Ya fara ɗaukar buhun taki ba tare da ya tsaya ya dafe ciki ba. Da bazara Likita Ruan ta leƙa cikin da na'ura, ta ce ɗinkin yana nan, sai ɗan ja kaɗan a bakinsa da za ta sa wa ido. Ta tambaye shi ko ya taɓa. Ya ce a'a. Ta ce a gaida tsohon. Da Yalin ya dawo gida ya isar wa Futai da saƙon.

"Ta ce a gaishe ni?"

"Ta ce a gaida mai kwali."

Futai ya yi gyaran murya ya fita.

Maganar Pu gaskiya ce. Idon ya tafi. Da aka tsinko ganyen farko na sabuwar damina aka jera a ɗakin gashi, Futai ya kunna wuta, ya hau dutsen da ake takawa, ya sa ido a 'yar tagar. Hazo kawai ya gani. A wannan sana'a ido ne komai. Ganye yakan tashi daga kore ya bi ta ruwan ɗorawa, kuma akwai ɗan lokacin da za ka ƙara wuta ka kama launin kafin ya gudu. Ka yi sauri, ya bushe da kore. Ka yi jinkiri, ya yi baƙi kamar hanta. Ya goge idon da gefen riga ya sake leƙawa. Ya daɗe a kan dutsen. Sannan ya sauko.

"Yalin."

"Baba."

"Hau ka duba."

Yalin ya hau. "Gefuna sun fara. Jijiya tana kore."

"To me za ka yi?"

"A bar ta haka tukuna. A ɗan buɗe ƙofar iska ta sama."

Futai ya miƙa masa shebur ɗin kwal. "Wutar taka ce. Kada ka tambaye ni komai."

Kuma bai tambaya ba. Kwanakin gashin duka Yalin yana bakin murhu, da ƙyalle ɗaure a hanci don Shulan ta rantse in bai ɗaura ba za ta zuba wa wutar ruwa. Futai ya zauna can nesa a kan kujerarsa. Ba ya gani sosai, amma yana ji. Yana jin ƙarar shebur, yana ƙirga tazarar da ke tsakani a ransa. Yana jin ƙanshin yana sauyawa, daga na ɗanyen ciyawa zuwa wani mai zaƙi kamar na zuma da aka ɗora a wuta. Sau ɗaya ya ji kamar wutar ta yi yawa, har ya ɗaga gindi daga kujera, sai ya ji an ja ƙofar murhu an rage. Ya koma ya zauna.

A Lanba, in mutum ya gasa ɗakinsa na farko shi kaɗai, ba a ce ya zama mai gasa taba sai an sha ganyen. Wanda ya koya masa shi ke zaɓar ganye ɗaya, ya yanka, ya cika lofe, ya ja na farko. Sannan ya goge baki ya miƙa wa wanda ya gasa. In ya ja, sai lofe ya shiga cikin jama'a, daga ranar kuma ɗakin nasa ne. An daɗe ba a yi ba, don ba wanda ke koyo. Shi ya sa da aka ji gidan Duan za su buɗe ɗaki, tsofaffin ƙauyen suka fito da sassafe, wasu da sanda.

Yalin ya cire lakar da aka liƙe ƙofar da ita. Ƙanshi ya fito ya cika wurin. Ya shiga ya fito da sandar farko, ya ɗaga ta a rana.

Tsofaffin suka matso. Sai Pu ya ce, "Kai! Duan, wannan ya fi naka."

"Kawo," in ji Futai.

Ya shafa ganyen. Laushi kamar fatar ɗan akuya. Ya dunƙule shi a tafin hannu ya sake, ganyen ya buɗe bai karye ba. Ya karya jijiyar, ta yi ƙas. Ya kai hanci. Ya kawo shi dab da idonsa, har ya iya ganin launin, ruwan zinariya daga baki har gindi, ba tabo.

"Ba laifi," ya ce.

Shulan ta kawo katako da wuƙa ta ajiye, fuskarta ba walwala, ta koma ta tsaya a bakin katanga ta harɗe hannu. Wannan wurin maza ne, ba ta da bakin magana a nan, ta kuma sani. Futai ya naɗe ganyen, ya yanka shi siriri kamar gashin masara. Yanka ba ya buƙatar ido. Ya zuba sabon ruwa a lofe, ya ɗora taba a ɗan bakin tagullar da ke jikin gorar, ya ɗauko garwashi daga murhun Yalin.

Ya ja. Gora ta yi gurnani.

Hayaƙin ya sauka a hankali, ba kaifi, da ɗan zaƙi a ƙarshe. Irin wannan ya sha a nan wurin, a kan wannan dutsen, ranar da ubansa ya miƙa masa. A ranar mutane sun cika har kan katanga. Uban bai ce masa komai ba, bai taɓa yabonsa ba kafin nan, bai kuma yabe shi ba bayan nan. Goge bakin gora kawai ya yi da tafin hannu ya miƙo. Futai ya rayu a kan wannan miƙowar shekara hamsin. Shi ma ba shi da wata hanyar da ya sani ta gaya wa ɗa abin da ke ransa.

Ya fesar da hayaƙin gefe. Ya goge bakin gora da tafin hannu, don hannun ya saba.

Yalin ya riga ya tsuguna a gabansa. Ya cire ƙyallen hanci. Ya miƙo hannu biyu.

Futai bai motsa ba.

"Miƙa masa mana," in ji Pu. "Taba tana cinyewa."

"Zuƙa ɗaya ce, Kawu Duan," wani ya ce daga baya. "Ba sha ba ne wannan, al'ada ce."

"Ya ja ya fesar, ba sai ya haɗiye ba."

"Ai likitar ba ta nan," in ji Pu. "Ko ka ga ta biyo motar safe? Shulan, juya baya, 'yar nan, ki ƙirga kaji."

Shulan ba ta juya ba. Tsohon take kallo.

Rigar Yalin a buɗe take saboda zafin ɗakin. Daga inda Futai yake zaune, ko da wannan idon, yana ganin tabon, layi biyu, ɗaya a kan ɗaya, daga cibiya zuwa ƙasa. Sabon bai gama yin fari ba. A gefensa kuma tsoka ta fara dawowa. Hannuwan da aka miƙo suna ɗan rawa, kuma Futai ya san wannan rawar. Ba ta girmamawa ba ce kaɗai. Shekara guda yaron yana shaƙar ƙanshi yana haɗiye yawu.

"Baba," in ji Yalin, murya ƙasa ƙasa. "Mutane suna kallo."

"Na gan su."

"Tun ina yaro nake ɗebo maka kwal. Ban taɓa roƙonka komai ba. Yau kaɗai. Na rantse da kabarin Inna ba zan ƙara ba."

Wani tsoho ya yi tari. Garwashin da ke kan tagulla ya fara yin toka.

"Duan," Pu ya matso, wannan karon ba wasa a muryarsa. "In ka tsallake shi a gaban mutane, ka san abin da ka yi. Ɗanka ne. Ganyensa ne. Ba a taɓa yi ba."

Futai ya dubi abokinsa. Ya ɗaga lofen, ya ɗauke shi ta saman hannuwan Yalin, ya dangwara shi a ƙirjin Pu.

"Ja ka wuce da shi. Ɗakin nasa ne, kowa ya ji."

Pu ya riƙe gorar kamar an ba shi jaririn wani. Bai ja ba.

Yalin bai sauke hannuwansa ba. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

"Baba. Karɓo ka ba ni."

"A'a," in ji Futai. "Ba zan ba ka ba."